Ta ina za mu fara gina fagen yaƙin samurai da bulon LEGO?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da ɗana mai shekara 11 mun tara bulon LEGO kusan bokiti biyu, yawanci na gwanjo, da wasu 'yan mutanen Ninjago. Mun ga hoton fadar Himeji a intanet, muka ce sai mun gina irinta, da samurai suna gwabzawa a gabanta. Sau uku muna ginawa muna rushewa. Katangar dutsen tana fitowa kamar ginin bulon siminti, rufin ba ya zama, in kuma muka jera mutanen sai abin ya koma kamar shagon kayan wasa. Ta ina ya kamata mu fara, kuma me za mu saya ba tare da mun zubar da kuɗi a banza ba?" Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya raya mana yaron, ya sa wannan zaman da kuke yi tare ya ɗore.

Ƙorafinka uku ne, katanga da rufi da mutane, kuma zan zo kan kowanne. Amma tun a layi na biyu na saƙonka na ga inda ciwon yake. Abin da kuka ɗauko ya fi ƙarfin bokiti biyu. Hasumiyar fadar Himeji da ke Japan, in aka haɗa da gindinta na dutse, ta kai mita 46. Ɗan mutumin LEGO tsayinsa santimita 4 ne, wato an rage mutum kamar sau arba'in ke nan. In ka rage hasumiyar da wannan ma'auni, gini za ka samu wanda ya haura mita ɗaya, hasumiya kaɗai, ba a zo maganar ƙofofi da katangu da gwalalo ba. Ɗaukar Dala ba gammo ke nan. Shi kansa kamfanin, da ya fitar da Himeji a 2023 mai lamba 21060, bulo 2,125 ya zuba a ciki, kuma sai da ya ƙanƙantar da ita har ta zama ɗan mutum ba zai shiga ƙofarta ba.

Akwai kuma matsalar tarihi. Hasumiyar da kuka gani a hoto an kammala ta ne a 1609, a hannun Ikeda Terumasa, shekara tara bayan yaƙin Sekigahara wanda ya miƙa Japan ga gidan Tokugawa. Ba a taɓa gwabza wani babban yaƙi a gindinta ba, yana daga cikin abin da ya sa take tsaye har yau. To ka ga in ka jera mayaƙa suna sarar juna a gabanta, ka ɗora mata labarin da ba nata ba, kuma ko mai kallo bai san tarihin ba, idonsa yakan ji cewa wani abu bai zauna daidai ba.

Abin da masu wannan harka suke kira diyorama, ni fage nake ce masa. Ka tsayar da lokaci guda a wuri guda, kamar ka ɗauki hoto, sai dai hoton na bulo ne. Gini ɗaya ne daga cikin kayan fage, akwai ma fagen da ba shi da gini ko ɗaya.

Zaɓi shekara kafin ka zaɓi bulo

Mulkin samurai, wato mayaƙan Japan na da, ya ɗauki kusan shekara 700, daga 1185 zuwa 1868, kuma mayaƙin farkon zamanin da na ƙarshensa in suka haɗu a hanya sai sun yi wa juna kallon baƙo. A zamanin Kamakura, 1185 zuwa 1333, samurai maharbi ne a kan doki. Makaminsa na farko doguwar baka ce wadda ta haura mita biyu, sulkensa kamar akwati yake, da manyan faifai a kafaɗa, takobinsa na rataye kaifi yana kallon ƙasa. Su ne suka tari mayaƙan Mongol a 1274 da 1281. Babu bindiga, babu farar hasumiya. Daga yaƙin Onin na 1467 ƙasar ta shiga zamanin da ake kira Sengoku, kowane mai ƙasa yana cin maƙwabcinsa, yaƙi ya koma na taron dakarun ƙasa, ashigaru, masu dogayen masu. Bindiga ta shigo a 1543 ta hannun mutanen Fotugal a tsibirin Tanegashima. Yawancin kagarun wannan lokaci na ƙasa ne da itace, a kan tsauni. Manyan katangun dutse da hasumiya mai hawa-hawa sun yaɗu ne bayan Oda Nobunaga ya fara gina kagarar Azuchi a 1576. Daga 1603 kuma zamanin Edo ne, zaman lafiya, samurai ya ajiye sulke ya sa riga, ya soke takubba biyu a ɗamara, kaifi yana kallon sama. Abin kallo a lokacin shi ne jerin gwanon masu ƙasa zuwa birnin Edo, wanda aka mayar doka a 1635. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah zai gane tsarin nan take: masu share hanya, masu tuta, 'yan rakiya, sannan mai gida a tsakiya.

Na kawo wannan ne saboda aljihunka. Kowane zamani da irin bulon da yake ci. Kamakura dawaki da bakuna take so. Edo fararen bango da rufi da tufafi masu zane. Sengoku kuwa ƙasa ce da itace da ciyawa, ruwan ƙasa da kore, kuma su ne mafi sauƙin samu. Abin da ya sa naku ya yi kama da shago shi ne gamin gambiza: hasumiyar 1609, ninja na talabijin, wataƙila har da jar ƙofar nan da ake kira torii. Ita torii ƙofar wurin bautar Shinto ce, ba ta da aiki a bakin kagara.

In ni ne, Nagashino zan gina

A 1575 Takeda Katsuyori ya kewaye kagarar Nagashino, wadda Okudaira Sadamasa yake riƙe da ita da mutum kamar 500. Nobunaga da Tokugawa Iyeyasu suka taho kawo ɗauki. Ba su faɗa wa Takeda kai tsaye ba. Suka tsaya a filin Shitaragahara, bayan wani ɗan rafi mai suna Rengo, suka kafa shingen itace, suka jera masu bindiga a bayansa, suka jira. Mayaƙan Takeda suka yi ta kawo hari suna zubewa, manyan jarumansu da dama suka mutu a ranar, har da Yamagata Masakage da Baba Nobuharu. Adadin da aka saba kawowa shi ne 38,000 a ɓangaren Oda da Tokugawa, 15,000 a ɓangaren Takeda. Yawan bindigogin kuwa masana suna jayayya a kai, tsakanin 1,000 da 3,000, haka ma labarin nan na cewa an jera su sahu uku suna harbi bi da bi. Wannan jayayya ba za ta taɓa ka ba, don kai taku ashirin na filin za ka gina.

Dubi abin da wannan fage ya ɗauke maka: ba hasumiya, ba rufi, ba katangar dutse. Shinge ne da rafi da gonar shinkafa. Kuma shingen da kansa yana ba da labari. Ko kakar yaron ta leƙo, za ta ga cewa waɗannan suna jira, waɗancan suna tahowa.

Bari mu daidaita kalmomi. 'Yan ƙulluttan da ke kan bulo ni ido nake kiran su. Siririn bulo falle ne, uku suke yin kaurin bulo ɗaya. Wanda ba shi da ido a sama tayil ne. Babban faifan da ake gini a kai faranti ne, mai ido 32 a kowane gefe faɗinsa santimita 25 da rabi ne. Faranti biyu a jere sun ishe ku.

Kuskuren da na fi gani shi ne a shimfiɗa koren faranti a dasa mutane a kai kamar an jera kwalabe. Ƙasa ba ta zama sumul haka. Ku ɗaga ta da bulo biyu ko uku tukuna, don ku samu inda za ku haƙa rafi. A nan bokitanku biyu za su yi rana: duk ja da rawaya da shuɗin da ba ku san yadda za ku yi da su ba, da jabun bulon da ba a rasa shi a kayan gwanjo, da manyan bulon ƙananan yara da ake kira Duplo in akwai, duk su tafi ƙarƙashi su zama ciko. Sama kawai za ku rufe da falle masu launin ƙasa da kore. Kada rafin ya bi gefen faranti a miƙe, ku karkata shi ya ratsa fagen. Ku zuba falle mai duhu a gindinsa, ku rufe da tayil mai garai-garai. Shuɗi mai haske na wurin wanka ne, rafin damina da dawaki suka tattaka ruwan ƙasa yake komawa. Gonar shinkafa ma haka, tayil mai garai-garai a kan launin laka, da 'yan tsirrai a layi, sai ku karya layin a inda doki ya bi. Ɓangaren shinge ya fi ɗayan tudu da falle uku ko huɗu, don haka filin yake.

An yi yaƙin ne wajen ƙarshen watan Yuni, cikin daminarsu. Saboda haka ba furen sakura. Na san da wuya a hana yaro, kowa yana son itace mai furen nan ruwan hoda, amma sakura mako ɗaya zuwa biyu take yi, tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu a wannan yanki. Kore shar za ku sa.

Shingen ba katanga ba ne. An sake kafa irinsa a filin, a garin Shinshiro na jihar Aichi, ku nemi hotonsa: gumagumai ne a tsaye da rata tsakaninsu, an gicciya wasu an ɗaure. Ku ɗora 'yan bulo masu zagaye na ido ɗaya, ruwan ƙasa, biyar ko shida, ku bar ratar ido ɗaya ko biyu, kada tsayinsu ya zo ɗaya. Na gicciye ku yi da sanduna, ko ku ɗaure da zare mai kauri. Ni zare nake amfani da shi. Akwai masu tsattsauran ra'ayi a harkar nan da suke ganin duk abin da bai fito daga kamfani ba bai halatta a fage ba. Ina girmama su, amma shingen da aka ɗaure da igiya a gaske ban ga laifin ɗaure shi da zare ba. Ku bar giɓi ɗaya, don ta irinsa masu masu suke fita su tari wanda ya iso.

Mutane

Cikin kowane mutum huɗu, uku su zama ashigaru. Samurai mai ƙaho a kwalkwali biyu ko uku sun isa, in suka yi yawa sai darajar kowanne ta zube. Wannan ma sauƙi ne gare ka, don ashigaru ba ya cin kuɗi: jiki baƙi ko ruwan toka marar zane, da hula mai kama da malfa wadda suke kira jingasa. Hular Ninjago mai tsini tana yi, ɗan faifan nan mai zagaye na ido biyu ma yana zama a kan ɗan mutum daram. Bindigarsu mai lagwani ce, ana ɗura mata albarushi ta baki, kuma doguwar bindigar da LEGO ta yi wa 'yan fashin teku ita ce mafi kusa da ita. Garkuwar hannu kuwa ku ajiye ta gefe, mayaƙan Japan na wannan zamani ba sa riƙe ta. Allunan katako suke kafawa a ƙasa su fake a baya, da bindiga ta yawaita kuma suka koma ɗaurin gora.

Abin da ke sa fage ya zama na Japan tun daga nesa shi ne tuta, musamman ƙaramar da ake ɗaura wa mayaƙi a baya, sashimono. Akwai ɗan maƙalin da ake sa wa ɗan mutum a wuya mai ido ɗaya a baya. Ka maƙala mariƙi a kansa, ka sa sanda, ka manna tayil mai tsawon ido uku, ka gama. Kowace ƙungiya launinta ɗaya. Mutanen Yamagata an san su da jan sulke, kuma ɓangaren Tokugawa suka fuskanta, don haka ja yana tahowa, fararen tutoci suna jira a bayan shinge. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Alamar gidan Takeda lu'ulu'u huɗu ne a haɗe. Wadda ta fi daɗin yi da bulo ita ce ta gidan Sanada, waɗanda su ma mutanen Takeda ne, kwabbai shida masu huda: falle mai ido biyu a uku, ka ɗora 'yan zagaye shida masu rami a tsakiya, ta fito cif. 'Yan'uwa biyu na gidan, Nobutsuna da Masateru, sun mutu a ranar, amma a wani ɓangaren filin, don haka ku zaɓi ɗaya, ko Yamagata ko su.

'Yan Ninjago ɗinku ku zube su a tabarma ku tantance. Ninjago, wadda aka fara a 2011, tatsuniya ce, da dodanni da injuna. Takubba, huluna, baƙaƙen ƙafafu, wasu kwalkwali da kafaɗun sulke duk za su yi aiki. Duk jikin da ke da zanen wuta ko kore mai ƙyalli ya koma bokiti, ko a rufe shi da sulke. Takobi a kwankwason hagu yake zama, goya shi a baya na fim ne. Fuskoki kuma ku tsaya a launi ɗaya, ko rawaya duka ko launin fata duka.

Sai tsayuwa, kuma a nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Kowane mutum a fage ya kasance yana yin wani abu, yana kuma kallon wani abu. Wannan ya durƙusa yana saiti (cire ƙafafunsa ka maye su da falle biyu ko uku), wancan yana ɗura, na uku ya waiwaya yana sauraron shugabansa, wani ya tsorata ya ja baya. Juya kawunansu. Kada tazarar da ke tsakaninsu ta zo ɗaya: cunkoso a wuri guda, fili a wani. Falle mai ido ɗaya a tsakiya yana ba ka damar karkata mutum yadda kake so, ba sai ya bi layin idanu ba. Doki ɗaya ya yi tsaye a kan ƙafafun baya, irin wanda aka fara yi a 2012 yana iya wannan, ɗaya kuma ya faɗi a bakin rafi. Dokin LEGO ya fi dokin Japan na wancan lokaci girma, nasu gajeru ne, kamar santimita 130 a kafaɗa, har takalmin ciyawa ake sa musu, amma wannan ba abin da za ka iya yi a kai. Tunda da yaro kake aiki, ba sai an zuba jan bulo a matsayin jini ba. Kwalkwali a yashe cikin laka da tuta a karye sun faɗi abin da ya faru. Mutum ashirin zuwa ashirin da biyar sun cika faranti biyu.

Wani ya taɓa tambayata ko zai sa Yasuke, mutumin Afirka da ya yi wa Nobunaga hidima. Na ce masa ba a Nagashino ba. Yasuke ya iso Japan a 1579, ya haɗu da Nobunaga a 1581, yana kuma nan lokacin da aka ci amanar Nobunaga a haikalin Honnoji a 1582. Can ne fagensa, kuma fage ne mai kyau ga wanda ya iya rufi.

Katanga da rufi, in lokacinsu ya yi

Bayan kun gama wancan, aiki na biyu ya zama kusurwa ɗaya ta kagara: katangar dutse, farin bango a kanta, da ɗan ɗakin tsaro a kan kusurwar. Duk abin da Himeji take buƙata yana cikin wannan, sai dai ƙarami.

Katangarku ta yi kama da ginin siminti ne saboda bulon girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, layinsu a miƙe, kuma ta tashi tsaye cak. Ta Japan ba a sa mata kwaɓi, duwatsu ne aka jinginar a jikin tudun ƙasa, tana kwance daga ƙasa tana miƙewa yayin da take hawa, har ta kusa tsayawa a sama. Ta Kumamoto, wadda Kato Kiyomasa ya gina, ita ta fi suna a wannan lanƙwasa. Hanya mai sauƙi ita ce bulo masu gangare: masu digiri 45 a gindi, 65 a tsakiya, 75 a sama, sannan layi ɗaya ko biyu a tsaye. Tana da ƙarfi, sai dai tana fitowa sumul fiye da kima. Hanyar da na fi so ita ce in gina fuskar katangar a kwance a kan manyan falle, in lulluɓe ta da tayil masu girma daban-daban, wasu a tsaye wasu a gicciye, in cike ramuka da 'yan zagaye da ƙananan gangare kamar yadda maginansu suke cusa tsakuwa, sannan in ɗaga ta in jingina a kan hinji. Kashi biyu ko uku, kowanne ya fi na ƙasansa miƙewa. In kana gini a kaikaice haka, riƙe lissafi ɗaya: kaurin falle biyar daidai yake da faɗin ido biyu. Shi ke sa abin da ke kwance ya haɗu da abin da ke tsaye ba tare da rata ba.

Launi kuwa, ruwan toka mai haske ya fi yawa, mai duhu ya biyo, sai ɗigon launin yashi da ɗan kore a gindi inda gansakuka take kamawa. Kamfanin ya sauya ruwan tokarsa a 2004, tsohon yana da ɗan rawaya-rawaya, sabon yana da ɗan shuɗi. Kayan gwanjo kullum a gauraye suke. A jirgin sama wannan aibi ne, a katangar dutse kuwa riba ce. A kusurwa ku yi abin da su ma suke yi: dogayen duwatsu masu kusurwa huɗu, wannan ya miƙa tsawonsa dama, na samansa ya miƙa hagu. Zan gaya maka gaskiya, inda fuska biyu masu jingine suke haɗuwa a kusurwa har yau ban taɓa rufe shi yadda raina yake so ba. Kullum sai wata 'yar rata ta rage, in toshe abin da ya toshu, sauran in dasa masa itace a gaba.

Farin bangon sama yana da ramukan harbi, masu zagaye da masu kusurwa uku da masu kusurwa huɗu na bindiga, dogaye na kibiya. Bulon Technic, irin mai huda a gefe, mai huda ɗaya yana ba ka mai zagayen a kyauta.

Rufinku yana faɗuwa ne don kuna ɗora shi layi bisa layi yana leƙowa waje ba abin da ya riƙe shi. Kafinta ba ya fara da kwano. Ku fara da ƙashi: dogon bulon Technic a matsayin ƙundu, wato itacen da ke can saman rufi, a kan ginshiƙai biyu masu ƙarfi. Kowane gefen rufi ku gina shi daban a kan falle, ku kama shi da hinji a waje ɗaya kawai, ko sama ko ƙasa, ɗayan gefen ya kwanta da nauyinsa. In ka kama duka biyun sai lissafin ya ƙi, ka yi ta dannawa har wani wuri ya ɓalle. Layukan da ke gangarowa a rufinsu ana samun su da tayil mai tsaga-tsaga, ko layin tayil da layin falle bi da bi. Bakin rufi ya leƙo da ido biyu ko uku, don inuwar da yake jefawa a kan farin bango ita ce rabin kyan ginin. Ɗagowar kusurwa kaɗan ce, kaurin falle ɗaya ko biyu a can ƙarshe. In ta yi yawa ka bar Japan ka shiga kudancin Sin. Launinsa ruwan toka mai duhu ko baƙi. Ja da zinariya sun kasance a saman Azuchi, gaskiya ne, amma wannan Nobunaga ne, kuma ta ƙone a 1582.

Saye da ajiya

Kada ka sayi komai sai kun zana. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Studio, ta BrickLink, kasuwar bulo ta intanet wadda LEGO ta saya a 2019. Kana gini a kwamfuta, tana ƙirga maka kowane bulo da launinsa. Yaro mai shekara 11 zai riga ka iya ta. Daga jerin sai ku cire abin da ke bokiti. Sau da yawa kuɗin aikowa daga waje yana fin kuɗin kayan, don haka a tara a yi oda sau ɗaya, daga mai sayarwa ɗaya, in da hali a haɗa da wani mai sha'awa a raba. Kuɗinka ya tafi a ƙananan abubuwa masu yawa: falle launin ƙasa, 'yan zagaye, tsirrai, sanduna, mariƙai. Kwalkwalin samurai mai mariƙin ƙaho a goshi ya fara fitowa ne a jerin Ninja na 1998, an kuma fitar da samurai a jerin 'yan mutanen tarawa na uku a 2011. Cikakken mutum na waɗannan yana da tsada, kwalkwali da sulke su kaɗai sun fi araha, kuma uku kake buƙata. Manyan akwatuna irin Himeji ko lambun Japan mai lamba 10315 suna da kyau a kan kanta, amma ba su ne hanyar tara sojoji ba.

Jabun bulo yana shiga na asali, sai dai riƙonsa ba tabbas, launinsa ma yakan saɓa. A ciko ba shi da laifi. A inda nauyi yake, kamar ƙundun rufi, kada ka yarda da shi.

Maƙiyinku a Kaduna ƙurar hunturu ce. Fage mai tsirrai da tutoci in ya sha ƙura mako biyu, share shi ya fi gina shi wuya. Ku yi masa murfi tun kafin ku gama, ko na gilashi ko na roba mai garai-garai, ko da kwali ne a kife. Burushin fenti mai laushi ya ishi sauran. Kayan gwanjo a wanke su da ruwa mai ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba, a shanya a inuwa. Rana tana mayar da farin bulo rawaya, kada a ajiye fage a bakin taga. Ni na taɓa ɗaukar nawa a bayan mota zuwa gidan wani aboki, ban raba shi ba, muka isa shingen ya zama itacen girki. Tun daga ranar faranti-faranti nake gini, kowanne yana ɗaguwa shi kaɗai, mutane kuma a cire a zuba a gwangwani. In akwai ƙanin yaron da bai kai shekara uku ba, 'yan zagayen nan a yi nesa da bakinsa. In za ku ɗauki hoto, a sauke waya daidai idon ɗan mutum, da hasken safe, a sa farin kwali a baya.

Na san yaron zai tambayi ina ninja. Ka gaya masa sun wanzu, yankunan Iga da Koga sun yi suna da su, amma aikinsu leƙen asiri ne, kuma ɗan leƙen asiri shigar manomi ko ɗan kasuwa yake yi. Baƙaƙen kayan nan daga zane-zane da dandalin wasan kwaikwayo suka yaɗu. Sannan ka ba shi labarin Torii Suneemon, ɗaya daga cikin mutanen da aka kewaye a Nagashino. Kwanaki kaɗan kafin yaƙin ya sulale ta kogi da dare, ya ratsa masu gadin Takeda, ya kai saƙo garin Okazaki, inda Iyeyasu yake, ya ji da kunnensa cewa ɗauki na tafe. A hanyar dawowa aka kama shi. Aka ce ya je gaban kagara ya faɗa wa 'yan'uwansa ba mai zuwa, su miƙa wuya, a bar shi da ransa. Ya amsa. Da aka kai shi sai ya ɗaga murya ya ce su daure, mayaƙa suna hanya. Aka kashe shi a kan gungume, kagarar kuma ba ta faɗi ba. Daren fitarsa yana shiga faranti mai ido 16: ruwa mai duhu, gaɓar dutse, masu gadi biyu da wuta a hannu suna kallon wani wajen, da kai ɗaya da ya leƙo daga ruwa. Wannan ka bar wa yaron ya gina shi kaɗai, kai ka ji da shinge.